Kuɓewar Hindatu da Takardar Abbanta

Wata rana, a wata unguwa ta sababbin gidaje a Zariya, wani magidanci ya miƙa wa 'yarsa kofin shayi, sai idonsa ya faɗa kan farcenta.

Ƙasa ce a ciki. Baƙar ƙasa.

Ya kama hannun ya juya tafin. Ga ɗan bororo ya tashi a gindin yatsa.

Wani uban zai ce je ki wanke hannunki, magana ta ƙare. Shi kuwa sai da ya ajiye cokali, don ya san irin wannan bororon farin sani. Ƙotar fartanya ce ke yin sa a daidai wannan wurin.

Bari mu kira shi Malam Hashimu. Injiniya ne, mutumin kirki, ba ruwansa da hayaniya. Amma in kana son ka ga ɓacin ransa, ambaci noma a gabansa.

Yana da dalilinsa.

A ƙauye ya tashi. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa gona, cikinsa ba komai sai kokon safe. A firamaren garinsu kuwa fartanya ita ce bulala ta biyu. Ka makara, fartanya. Ka yi surutu, fartanya. In aka wayi gari babu mai laifi sai a ƙirƙiro laifin, don gyaɗar hedimasta ba za ta nome kanta ba.

Ranar da ya bar garin zuwa sakandare ya yi wa kansa alkawari: ɗan da duk ya haifa, biro zai riƙe.

Sai da shi da matarsa Kubura suka shekara takwas kafin Allah ya ba su haihuwa. Yarinya ɗaya tal, Hindatu.

To kun san yadda muke da abin da muka daɗe muna jira.

Ya ja katanga har ba a hango rufin gidan daga waje. Ya ɗora waya mai ƙaya. Akwai darbejiya a ƙofar gida, ya sa aka sare, wai ɓarawo zai iya hawa. Tsakar gida ya malale da siminti daga get har bayan kicin. Ko tururuwa ta shigo gidan nan da yunwarta za ta koma.

Da aka taɓa ɗauke yaron wani a can gefen unguwar, sai ya ƙara kwaɗo na biyu. Ban ga laifinsa a nan ba. Duk mai ɗa ya san wannan tsoron.

Amma ku dubi yinin yarinyar.

Daga ɗaki zuwa mota. Gilashi a rufe. Daga mota zuwa aji. Daga aji zuwa mota. Ƙarfe huɗu malamin lesin ya iso, ƙarfe biyar da rabi malamin Alƙur'ani ya karɓe shi, duk a falo ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya. In an gama, a miƙa mata waya ta kalli katun.

Asabar haka. Lahadi haka. Hutu ma haka, sai dai a ƙara lesin.

Tana 'yar shekara biyar, surutunta har sai uwarta ta ce, "Hindatu, bar mu mu ji da kunnenmu." A hankali maganar ta fara ja da baya. Ta koma "eh" da "a'a". Daga nan ta koma ɗaga kai da girgiza kai.

Yanzu tana da shekara tara, kuma an doshi shekara guda rabon da a ji ta haɗa magana mai tsawo a gidan. Sai ta zauna tana taunar bakin hijabinta har ya jiƙe sharkaf.

Babu inda ba su je ba. An ɗebi jini, an leƙa kunne, an duba maƙogwaro. Ba zazzaɓi, ba taifot, ba komai. An yi tofi, an sha rubutu, an sha zuma da habbatus sauda.

Shiru.

Daga ƙarshe wani likita ya rubuta musu takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwar yara a Kaduna. Kubura ta karanta, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Malam Hashimu bai yi kuka ba, amma tsoro ya kama shi, tsoron kada ya zama muryar 'yarsa ta tafi ke nan.

A farkon zangon nan ya sauya mata makaranta. Ba don karatu ba, don katangar sabuwar ta fi tsawo, kuma masu gadi biyu ne a get. Ya duba aji, ya duba ƙarafunan tagogi, ya gamsu.

Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai zagaya bayan ginin ba.

A can akwai lambu. Wata malamar kimiyya, Malama Talatu, ita ta roƙi filin da ake tara karyayyun bencina ta share. Duk yara biyu ta yanka musu fangali ɗaya, wato ɗan fili mai baki da ake tare ruwa a ciki, bai fi tabarma ba. Laraba da Juma'a a can ake darasi. Su auna tsawon shuka da rula, su ƙirga ganye, su rubuta a littafi. Abin da ya nuna, yaran ne ke tafiya da shi gida.

Hindatu da ƙawarta Shamsiyya kuɓewa suka shuka.

Wannan ita ce ƙasar da ya gani a farce.

"Wa ya ba ki fartanya?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai.

"Laifin me kika yi musu?"

Ta kai bakin hijabi baki.

Kubura ta ce, "Abban Hindatu, ba horo ba ne fa. Lambu ne suke yi, duk ajin. Ni dai na lura ranar Laraba da Juma'a kwanon abincinta wayam yake dawowa."

"Yunwar wahala ce," in ji shi. "Ni za ki gaya wa? Haka suke farawa. Yau lambu, gobe gonar mai makaranta."

Washegari ya zauna a ofis ya buga takarda da Turanci mai kauri, ya sa hannu, ya kai da kansa. Abin da ke ciki a taƙaice: daga yau kada ƙafar 'yarsa ta sake taka lambun nan. In lokacin ya yi, a bar ta a aji ta yi karatu.

Malama Talatu ta kira shi a waya.

"Baban Hindatu, don Allah ka zo ka gani da idonka, ko sau ɗaya ne."

"Malama, na gode. Na san fartanya tun ba a haife ki ba."

Ya kashe wayarsa. A ransa ya ji ya ceci 'yarsa daga abin da shi ba wanda ya cece shi.

Sati ɗaya. Sati biyu. Sati uku.

Farce ya yi fes. Bororo ya baje. Kwanon abinci kuwa ya koma dawowa yadda aka zuba shi, har da cokalin a inda uwar ta ajiye.

In ta dawo makaranta sai ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Malamin lesin ya ce shi kam ya rasa da wa yake magana. Ko ɗaga kan ma ta rage.

Gidan ya yi nauyi. Miji da mata suna cin abinci ba mai kallon wani. Kubura na da magana a bakinta, amma ta san amsar da za ta samu, sai ta haɗiye.

Ranar ganin likitan Kaduna ta faɗo Laraba, ƙarfe biyu na rana. Malam Hashimu ya bar ofis da wuri, ya biya makaranta wajen sha ɗaya don ya ɗauke ta. Bai gaya wa kowa zai zo a lokacin ba.

Ajinsu a bene yake. Yana hawa matakala ya ji wurin tsit, alamar yaran sun fita.

Sai ya ji wata murya.

"Shamsiyya! Ba haka ba! A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba! A hankali mana, za ki tone mata saiwa!"

Ya ci gaba da hawa, yana cewa a ransa wannan 'yar wane ce mai baki haka.

"Ɗaga na ƙasan ki duba, akwai tsutsa! Kada ki kashe tana fa, Anti Talatu ta ce ita ke gyara ƙasa! Auna ta tsakiyar, ran Juma'a na ga kamar ta fi sauran!"

Ya iso ƙofar aji ya leƙa.

Bencina talatin, ba kowa. Can a ƙarshe, yarinya ɗaya ta hau kan benci, ta riƙe ƙarafunan taga da hannu biyu, ta cusa fuskarta tsakaninsu iya inda za ta shiga.

Hindatu ce.

Wallahi bai gane muryar ba. Muryar 'yar da ya haifa, sai da ya ga mai ita sannan ya yarda.

Ya tsaya yana ji. Tana ba da umarni, tana dariya, tana tsaki. Ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba, ya kuma ji kunya ta rufe shi a lokaci guda.

Mukullin mota ya kuɓuce masa ya faɗi.

Ta waiwayo.

Tana ganinsa ta saki ƙarfen. Ta sauko a hankali, ta koma mazauninta, ta buɗe littafi, ta sunkuyar da kai. Bakin hijabi ya koma baki.

Duk abin da ya faru a shekarar nan, babu wanda ya soke shi kamar wannan. Ashe ganinsa ma kaɗai ya isa.

Ya taka ya je, ya matse kansa a bencin yara kusa da ita, gwiwoyinsa na tokarar tebur.

"Hindatu. Me ya sa ba kya yi mana irin wannan maganar a gida?"

Ta ci gaba da taunar hijabin. Har ya fid da rai.

Sannan ta cire hijabin daga bakinta.

"Abba, a gida ba abin da yake faruwa."

"Kamar yaya?"

"Jiya da yau duk ɗaya ne. Me zan ce?"



Ya nemi abu ɗaya da ya sauya a gidansa tsakanin jiya da yau, ko tsakanin bara da bana, wanda yarinya za ta rugo da gudu ta ce Abba zo ka gani. Bai samu ba. Shi da hannunsa ya tabbatar babu.

Sai ga Malama Talatu a bakin ƙofa, ƙasa har idon sawunta. Ta gaishe shi a ladabce.

"Malama, tun yaushe take yin haka?"

"Tun ranar da takardarka ta zo. Ka ce kada ƙafarta ta taka lambu, ba ta taka ba. Tagar ce dai na kasa rufewa, Baban Hindatu. In laifi ne, nawa ne."

Ya girgiza kai.

"Zan iya gani?"

Suka sauka su uku. Shi a gaba da farar shadda da takalmin ofis, Hindatu a baya tana tafiya tana tsayawa. A bakin lambun ta toge, ta dubi ƙafarta, ta dube shi.

Sai da ya ce, "Shiga mana," sannan ta ɗaga ƙafa.

Ya zata zai tarar da abin da ya sani: yara a jere a duƙe, malami a inuwa da bulala.

Abin da ya tarar daban. Wasu na gardama a kan rula, wai alayyafon wane ya fi tsawo. Wani yaro ya kwanta rub da ciki yana zana fara a littafi. Wata ta ɗebo taki da tsohon gwangwanin madara tana toshe hanci, sauran na yi mata dariya. Ba mai kallon agogo.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi. Shekara talatin yana gudun wannan ƙamshin.

A tsaye a wurin ya gane abin da bai taɓa zama ya rarrabe ba. Ba ƙasa ya tsana ba. Yunwar safe ya tsana, da bulala, da noman gonar wani a kan dole. Ya haɗa su duka ya ɗaure a kan fartanya, sannan ya hana 'yarsa abin da ba shi ya cuce shi ba.

Shamsiyya ta rugo ta riƙe hannun ƙawarta.

"Hindatu, jiya ta yi fure! Na gan shi bayan an tashi, na zo kiran ki kin riga kin tafi gida. Da safen nan na zo na tarar ya faɗi."

Hindatu ta durƙusa. Ta tsinci wani abu a gindin kuɓewar, ya yanƙwane ya naɗe, ta ɗora a tafin hannunta.

Kusan wata biyu take jiran furen nan. Uku daga cikin makonnin ta bayan ƙarfe ta yi jiran.

Hawaye ne kawai ke sauka.

Malam Hashimu ya tattare shaddarsa ya tsuguna. Hannunsa ya shiga cikin ganyen da kansa, ba tare da ya yi tunani ba. Ya ɗaga wannan, ya kawar da wancan, ya tsaya a kan wani ɗan ƙullutu mai tsini.

"Kin ga wannan? Gobe da hantsi zai buɗe. Furen kuɓewa yini ɗaya yake yi, shi ya sa na jiya ya faɗi. Ba mutuwa ta yi ba. Dubi inda ya bari, ga 'yar kuɓewar nan ta fara fitowa."

Ta matso ta duba. Ga ta kuwa, ba ta kai ɗan yatsanta ba.

Ta ɗago ta dube shi, kallon da ta daɗe ba ta yi masa ba.

"Abba, ina ka sani?"

Shekara tara suna gida ɗaya. Ba ta san ubanta ya taɓa riƙe fartanya ba, don bai taɓa bari ta sani ba.

"A gona na girma," ya ce.

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ya koma gefe ya kira asibitin Kaduna, ya roƙi a sa musu wata ranar. Ya biya ofishin shugabar makaranta ya karɓi takardarsa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya zauna a bencin mai gadi har aka tashi.

A mota ita ta fara.

Wai a gonarsu akwai tana? Wai kakanta ma kuɓewa yake shukawa? Wai da gaske ne gyaɗa a cikin ƙasa take 'ya'ya, ko Shamsiyya ce ke shirga mata ƙarya? Kafin ya gama amsa ɗaya ta jefo biyu. Daga nan ta shiga labarin wata tana da suka tono ranar farko, doguwa, wadda wani yaro mai cika baki ya gani ya zubar da bokiti.

Shi dai "to" da "sai me" kawai yake cewa. Yana tuƙi a hankali, yana tsoron ko tari ya yi ya katse ta.

Daga makaranta zuwa gida minti goma ne.

Suna shan kwanar layinsu, muryar ta fara ƙasa. Ya dube ta ta madubi. Idonta na kan get ɗinsu. Maganar ta tsaya a tsakiya, hannunta ya kama bakin hijabi.

Bai taka birki ba. Ya wuce get ɗin, ya miƙe hanya.

"Abba, ka wuce gida."

"Na sani," ya ce. "Ci gaba. Sai tanar ta yi yaya?"

Darasi:

Yaro ba ci da sutura da tsaro kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar rana ta taɓa shi, ƙasa ta ɓata masa hannu, ya kuma samu wani abu mai rai da ke jiran zuwansa gobe.

Yaron da ya shuka abu yana da labarin bayarwa. Wanda aka rufe tsakanin ɗaki da mota da aji, wata rana za a tambaye shi me ke damunsa, shi ma bai san amsar ba.

Ban ce lambu ya maye gurbin likita ba. In yaro ya sauya, a kai shi a duba. Amma kafin mu tambayi me ya same shi, mu tambayi me muka hana shi.

Iyaye, wahalar da muka sha tamu ce. Kada mu auna makarantar 'ya'yanmu da bulalar da aka yi mana. In an ce suna lambu, mu taka mu je mu gani kafin mu buga takarda.

Masu makarantu, filin nan na baya da kuke tara karyayyun kujeru, ku share shi. Ko tsofaffin buhuna aka cika da ƙasa, kuɓewa za ta fito.

In ka san wani gida mai doguwar katanga da yaro mai yawan shiru a ciki, tura wa iyayen wannan. Ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya ba.